Yarona ba ya kuka in ya ji ciwo, wai baiwa ce?

Tambaya: Likita barka da aiki. Yarona shekararsa 2, tun da haƙoransa suka fito yake tauna harshensa har jini, kwanan baya ya dafa dutsen guga da zafinsa ko motsi bai yi ba, kuma ban taɓa ganin guminsa ba. Kowa sai ya ce jarumi ne, ni kam hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Hajiya gara da hankalinki bai kwanta ba. Jijiyoyin da ke ɗauko zafi daga fata su kai ƙwaƙwalwa tun jariri na ciki ake gina su, ƙwayoyin gado ne ke ba da umarnin. Akwai wata ƙwayar gado mai suna NTRK1, in ta samu matsala jijiyoyin nan mutuwa suke yi kafin haihuwa, har da masu sa gumi, shi ya sa maganar gumin ta fi tsaya mini a rai. Akwai kuma PRDM12 da aka gano alaƙarta da rashin jin ciwo a 2015, in babu ita jijiyoyin ba sa ma samuwa yadda ya kamata. Galibi sai yaro ya gado daga uwa da uba duka, su kuwa lafiyarsu ƙalau. Ban ce wannan matsalar ce ke damun yaronki ba fa, sai an gwada.

Amma wannan maganar "jarumi" wallahi ta ishe ni. Kullum sai na ji ta, wani ya ce baiwa ce, wani ya ce aljanu ne a kai shi wajen mai magani, wani ma har tsunkulin yaron yake a gaban baƙi ana dariya. Wace baiwa? Yaron da zai karye ya ci gaba da tsalle a kan ƙafar har ƙashi ya ruɓe, yashi ya shiga idonsa ya goge shi bai sani ba? A arewacin Pakistan an yi wani yaro mai wasa a titi, yana soka wuƙa a hannunsa yana taka garwashi jama'a na kallo, bai yi nisa a duniya ba, daga saman gida ya diro ya mutu. Binciken dangi masu irin matsalarsa ne ya kai ga gano a 2006 cewa matsalar wata ƙwayar gado mai suna SCN9A ma tana hana jin ciwo. Kuma duk wanda ya ce yana da sassaken da zai dawo da jijiyar da ba a haifi yaro da ita ba, kuɗinki yake so.

Ki kai shi wajen likitan yara a makon nan, a duba ido da baki da ƙashi. Kullum da dare ki tuɓe shi ki duba har tafin ƙafa, in jikinsa ya yi zafi ki shafa masa ruwa ki tafi asibiti, marar gumi zafin jiki kaɗai kan iya kashe shi.