Amsar Kawu Kan Gayya, Ƙwadago da Barantaka

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso ni nan Argungu, kuma na fahimci cewa a jami'arku ta Birnin Kebbi an ba ka aikin bincike a kan haƙƙin ma'aikata da tazarar da ke tsakanin mai shi da maras shi, shi ya sa kake tambaya ko al'adunmu na aikin gona taimakon juna ne, ko kuwa hanya ce da mai hali yake bi ya ci gumin talaka. Na jinkirta amsa ne domin ka haɗa abubuwa uku a ƙwarya ɗaya, alhali kakanninka ba su taɓa ɗaukarsu abu guda ba.

Gayya ba aikin lada ba ce. Mai gona yana sanar da rana, a dama fura, a tuƙa tuwo, makaɗi ya zo da gangar noma, samari su jeru a kunya, kafin azahar an gama abin da mutum ɗaya zai yi mako yana fama da shi. Ba a biyan kowa ko sisi, amma duk wanda aka yi wa gayya ya san ya ci bashi, kuma ranar da maƙwabcinsa ya kira, dole ya ɗauki fartanya. Ana kuma yin ta domin suruki, ko malami, ko wanda ciwo ya kwantar a tsakiyar damina. Sai dai kada in ɓoye maka, gayyar mai hali ta fi cika, domin shi ke iya yanka akuya, kuma gayyar da ake yi wa gonar hakimi ba kowa ke zuwa da son ransa ba.

Ƙwadago kuwa ciniki ne a fili, ko dai a biya mutum kuɗin yini, ko a yi jinga a kan yanki. Ka lura cewa wannan kalma ta gona ce aka ɗauka aka raɗa wa Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, amma ɗan ƙwadago na asali, wanda ke dashen shinkafa a fadamar Suru ko bugu a Jega, ba ya cikin rajistarta. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 30,000 a 2019, aka kai shi naira 70,000 a 2024, sai dai dokar da kanta ta ware masu aikin gona na lokaci-lokaci, da masu aikin jinga, da duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. In ka cire waɗannan, mutum nawa suka rage a garinmu in ba malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma ba?

Barantaka ita ce inda nake so ka tsaya sosai, domin na yi ta da kaina. Ina saurayi mahaifinmu ya damƙa ni ga wani attajiri mai fataucin hatsi, na yi shekara takwas a gidansa ina bin kaya kasuwa-kasuwa, ba a taɓa yanka mini albashi ba, kuma ban taɓa tambaya ba. Abin da al'ada ta sani shi ne ubangida yana ciyar da baransa, ya yi masa ɗinkin salla, ya yi jinyarsa in ya kwanta, ya yi masa aure, ya ba shi ragon suna, sannan in lokaci ya yi ya ba shi jari ya sallame shi. Babu takarda, amma gari duka shaida ne, kuma ubangidan da ya tozarta baransa ba ya sake samun mai ba shi ɗa. Nawa ubangidan, Allah ya jiƙansa, ya yi mini aure kuma ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa, amma ya rasu kafin ya sallame ni, magada kuma suka ce ba su san da wata magana ba. Na fito da rigar jikina da mata da yaro ɗaya. Ban kai ƙara ba, domin ba ni da abin nunawa, kuma kunya ba za ta bar ni in tsaya gaban alƙali da 'ya'yan mutumin da ya ciyar da ni ba.

To, wannan kunyar ita ce abin da nake ganin ya kamata bincikenka ya kama. A da, kunya tana ɗaure ɓangarori biyu: bara yana jin nauyin tambaya, ubangida kuma yana jin nauyin hanawa. Yanzu na ga masu gida da yawa sun ajiye nasu nauyin, suna cewa zamani ya canza, ba su yi wa yaro aure, ba su yi masa jinya, amma har gobe suna son ya riƙe nasa, kada ya tambayi nawa za a ba shi. Yaron shago, da karen mota, da yarinyar da aka kawo aikatau daga ƙauye, duk a wannan rami suke, ba su samu kariyar al'ada ba, ba su samu ta doka ba. Addini kuwa bai bar mana shakka ba, tun da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, malamanmu na Malikiyya kuma sun sharɗanta a san lada a san aiki kafin a ƙulla ijara, wato yarjejeniyar ɗaukar mutum aikin lada. Abin da aka yi mini, ko da kyakkyawar niyya aka fara shi, bai cika wannan sharaɗi ba.

Game da tazarar arziki, ka dubi shinkafa. A can Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a watan Nuwamba na 2015, manyan injinan casa suka ƙaru a jihar, wasu kuma sun yi arziki na gaske. Amma ka tambayi wane ne ke da gonar, wane ne ke da injin ban ruwa, wane ne kuma ya ci bashin taki da damina ya biya da buhu a kaka lokacin da farashi ya faɗi. Mai rumbu yana jira har bazara ya sayar da tsada, maras rumbu kuwa yakan sake sayen abin da ya noma da hannunsa. Zakka da kala, wato tsintar abin da ya rage a gona bayan girbi, su ne abin da ke rage wannan tazara a da, zakkar ɗaya bisa goma ce ga noman ruwan sama, rabin haka ga na ban ruwa, sai ka bincika ko har yanzu suna isa hannun waɗanda suka yi wahalar.

Kada ka tsaya ga maza kaɗai. Mata su ke sheƙa, su ke turara shinkafa, sau da yawa kuma da mudu ake biyansu, don haka wanda ya zo da takarda yana tambayar albashin wata ba zai gan su ba ko kaɗan. Innarka za ta shigar da kai gidajen da ba za ka iya shiga kai kaɗai ba. Haka nan kada ka tambayi yaro a gaban ubangidansa, domin abin da zai ce maka kawai shi ne alhamdu lillahi, kuma kada ka rubuta sunan kowa, tun da kai za ka koma makaranta, shi kuwa a nan zai ci gaba da neman abinci.

Idan kun samu hutu lokacin yankan shinkafa, ka zo ka kwana biyu. Zan haɗa ka da tsofaffi uku da muka yi barantaka tare, ɗaya an sallame shi da jari har ya gina gida, biyu kuma sun fito kamar yadda na fito. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe bayan Juma'a.