Tambaya da Amsa: Shin Gahawa Tana Tsotse Ruwan Jiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni direban motar haya ne da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Maiduguri, kuma na shekara fiye da goma ina shan gahawa kofi biyu zuwa uku a kowace rana. Kwanan baya wani abokin aikina ya ce mini gahawa tana tsotse ruwan jiki, wai duk wanda ya sha kofi ɗaya sai ya bi shi da kofi biyu na ruwa kafin ya mayar da abin da ya rasa. Shin haka abin yake? Ya kamata in daina sha a lokacin bazara da kuma lokacin sahur? Daga wani mai karatunku a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Maganar abokin aikinka tana da tushe, sai dai an kai ta inda ba ta kai ba. Gaskiya ne cewa gahawa tana ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda yake sa ƙoda ta rage mayar da gishiri cikin jini, gishirin kuma idan zai fita sai ya ja ruwa tare da shi, fitsari ya ɗan ƙaru. Amma wannan yana bayyana ne sosai ga wanda bai saba ba, ko wanda ya sha mai yawa a zama ɗaya, kamar miligiram 250 zuwa 300, wato kimanin kofi uku na gahawa mai kauri a jere. Wanda yake sha kullum kamar kai, jikinsa yana sabawa cikin kwanaki kaɗan, tasirin kuma ya ragu ƙwarai.

Abin da masu wannan magana suke mantawa shi ne, gahawar da ke cikin kofi kusan dukkanta ruwa ce, kuma ruwan da take shigarwa ya fi ɗan abin da take ƙarawa a fitsari. An gwada hakan a Jami'ar Birmingham ta Ingila a wani bincike da aka wallafa a 2014, inda aka ɗauki maza 50 waɗanda suka saba shan gahawa, aka ba su kofi huɗu a rana na tsawon kwana uku, sannan a wani karon aka ba su ruwa zalla daidai wannan gwargwado. Da aka auna nauyinsu da jininsu da fitsarinsu, ba a sami wani bambanci mai ma'ana a yawan ruwan jikinsu ba. A ganina, wannan ya isa ya kwantar maka da hankali game da kofi biyu ko ukun da kake sha, kuma ƙa'idar bin kowane kofi da kofi biyu na ruwa ba ta da wata hujja.

Akwai wani abin da yake ruɗar mutane, shi ne kafeyin yana iya tsokanar mafitsara, mutum ya riƙa jin fitsari ya matsa masa alhali abin da ya taru bai kai ya kawo ba. Yawan zagayawa daban, ƙarewar ruwan jiki daban.

Inda nake so ka yi hattara shi ne bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Potiskum da Damaturu da Maiduguri yakan haura digiri 40, kuma gumi ne yake kwashe ruwan jikin direba a cikin mota. Ƙaramin kofin gahawa ba zai cike wannan giɓin ba, musamman ga direban da yake rage shan ruwa da gangan don kada ya riƙa tsayawa a hanya. Ka ajiye ruwa kusa da kai, ka kuma lura da launin fitsarinka: idan ya yi duhu kuma ya yi kaɗan, jikinka yana neman ruwa.

Ka kuma lissafa sauran hanyoyin da kafeyin yake shiga jikinka, domin goro yana da shi, shayi yana da shi, haka nan lemukan ƙarin kuzari da ake sayarwa a tasha. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 a rana ba ya cutar da baligi mai lafiya, mace mai ciki kuwa kada ta wuce 200. Mai hawan jini ko mai yawan bugun zuciya ya nemi shawarar likitansa.

Game da sahur, tunda ba za ka sake shan komai ba sai faɗuwar rana, ka fara cika cikinka da ruwa da abinci mai ruwa-ruwa kamar kunu ko fura da nono, sannan ka taƙaita gahawar zuwa kofi ɗaya. Idan kuma ka yi niyyar barinta a watan azumi, ka fara ragewa sannu a hankali mako ɗaya ko biyu kafin watan ya kama, saboda dainawa farat ɗaya tana jawo ciwon kai da kasala na wasu kwanaki, abin da bai dace da mai riƙe da sitiyari a doguwar hanya ba.