Amsa ga mai neman duma daga wufarsa

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce ka haɗa Denon, wato na'urar da ke rarraba sauti ga sifiku, da sifiku biyar da wufa, wato sifikar da ke fitar da duma (sauti mai kauri na ƙasa), wufar tana ɗan motsi idan ka sa fim, amma da ka sa waƙa sai ta yi gum kamar ba a jona ta ba. Kada ka yi saurin mayar wa mai shago, lafiyarta ƙalau. Abin da ya same ni ke nan sak lokacin da na sayo tawa ta hannu a Sabon Gari, sai da na yi wata biyu ina zargin wayar haɗi.

Shiga saitin sifiku ka duba na gaba, na tabbata a Large za ka same su. Mayar da su Small, dukkansu, ko da dogaye ne masu kai maka ƙugu. Ni ma da farko raini na ɗauke shi, a ce sifikun da na zuba wa kuɗi ƙanana ne. Ashe ba girman akwati ake nufi ba. Small na nufin na'urar ta kwashe ƙasan sauti daga sifikar ta miƙa wa wufa. Waƙa layi biyu ce kawai, hagu da dama, ba ta da layin duma na daban irin na fim, to idan na gaba suna Large babu abin da zai isa wufar. Kuma ka fita daga Pure Direct, saitin da ke fitar da sauti ba tare da gyara ba, idan kana ciki, don yakan tsallake wannan rabon.

Iyakar rabon, wato Crossover, sa ta a 80Hz, ita ce ma'aunin THX, kamfanin da ke tsara ƙa'idojin sautin sinima. Idan sifikunka 'yan mitsi-mitsi ne na rataye a bango, ɗaga zuwa 100 ko 120. LPF na LFE kuwa, wato iyakar layin duma na fim, bar shi a 120. A bayan wufar, murɗa maɓallin iyakarta har ƙarshe don kada a tace sautin sau biyu, maɓallin ƙarfin sauti kuma ka tsayar da shi a tsakiya.

Saura mazauni, kuma a nan yawancinmu muke faɗuwa. Falukanmu na Kano bulo ne da siminti da tayil, sauti na dukan bango ya dawo. Tawa a lungu na fara cusa ta, sai gurnani, gilashin taga na karkarwa, kwanukan uwargida na amsawa daga kicin, amma inda nake zama babu komai. Abin da ya fisshe ni shi ne na ɗora wufar a kan kujerar da nake zama, na sa waƙa mai kiɗan ganga, na rarrafa gefen bango ina saurare. Inda na ji bugun ya fito a dunƙule, kusa da sifikar hagu, nan na ajiye ta. Na shimfiɗa darduma mai kauri, na sa labule, amsa-kuwwar ta ragu sosai.

Bayan nan sai ka sa makirufon Audyssey, tsarin da ke auna falo ya daidaita sifiku da kansa, daidai tsayin kunnenka, ka kunna awon. Kashe fanka, ka jira janaretan maƙwabta ya yi shiru, ni bayan Asuba nake yi. Idan ya gama ka sake leƙawa, don sau da yawa yakan mayar da na gaba Large da kansa. Nisan wufa da ya rubuta kada ka taɓa ko ya fi na gaske, jinkirin da ke cikinta ya lissafa. In ka ji dumar ta yi maka kaɗan, ƙara wa wufar 3dB (ma'aunin ƙarfin sauti ne) daga cikin na'urar. Maɓallin Phase na bayan wufar kuma, mai daidaita bugunta da na sifiku, sa yaro ya riƙa juya shi tsakanin 0 da 180 kana zaune, ka bar shi inda ya fi cika.

Don Allah ka haɗa da sitabilaiza, wutarmu ba ta da tabbas. Ka gwada ka faɗa mana girman falon da sunan sifikun, sai mu san ko 80 ɗin ta ishe ka.