Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ake Saka Sabon Salon Haruffa a Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sakatariya ce a wata makarantar sakandare, kuma ni ke buga takardun jarrabawar Hausa. Malamin Hausa ya ba ni wani salon haruffa a filas, ya ce da shi zan riƙa samun ƙ da ɗ da ɓ, amma na rasa yadda zan shigar da shi cikin Microsoft Word. Ban da wannan, da na buɗe takardar da ya buga a tasa kwamfutar sai na tarar da "qasa" a wurin "ƙasa", da "xalibi" a wurin "ɗalibi". Ina mafita?
Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Da farko, ba a cikin Word ake saka salon haruffa ba, a cikin Windows ake saka shi, daga nan Word da Excel da PowerPoint su ɗauko shi. Ki duba fayil ɗin da aka ba ki, za ki ga sunansa ya ƙare da .ttf ko .otf; idan kuwa ya ƙare da .zip, to a ƙunshe yake, sai kin warware shi tukuna. Ki danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, ki zaɓi Install, sannan ki rufe Word gaba ɗaya ki sake buɗe shi, domin sau da yawa ba ya ganin sabon salo sai an sake kunna shi. Idan kwamfutar ta ofis ce da mutane da dama ke amfani da ita, zaɓin Install for all users ya fi dacewa, sai dai yana buƙatar izinin mai kula da na'urar.

Sai dai ina ba ki shawara da babbar murya kada ki ci gaba da aiki da wannan salon, domin "qasa" da "xalibi" da kika gani sun tona asirinsa. Irinsa ne aka ƙirƙira a zamanin da kwamfuta ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba, sai aka yi dabarar ɗora hoton ƙ a kan gurbin q, na ɗ a kan x, na ɓ kuma a kan v. Dabarar ta yi wa marubuta da gidajen jarida amfani a lokacinta, amma abin da ke ajiye a cikin takardar q ne, rigar ƙ kawai aka sa masa, saboda haka da zarar takardar ta je kwamfutar da ba ta da salon, ko aka kwafa ta zuwa WhatsApp, sai rigar ta faɗi. Abin da ya fi damuna shi ne takardar jarrabawa ce, kuma ɗalibin da ake koya wa bambancin "ƙafa" da "kafa" bai cancanci a miƙa masa "qafa" ba.

A yau tsarin Unicode, wato tsarin bai-ɗaya na lambobin haruffa a kwamfuta, ya ba kowane harafi nasa gurbin. Lambar ƙ ita ce 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ 0253, manyansu kuma 0198 da 018A da 0181. A cikin Word, idan kika ba da tazara, kika rubuta 0199, sannan kika danna Alt da X tare, nan take lambar za ta rikiɗe ta koma ƙ. Masu rubutu a Nijar da ke amfani da ƴ a inda muke rubuta 'y, lambarsu 01B4 ce. Wanda ke buga Hausa kullum gara ya ƙara allon rubutu na Hausa daga sashen harsuna na Windows, ya huta da haddar lambobi.

Salon da ke ɗauke da waɗannan haruffa suna da yawa kuma kyauta ne. Ƙungiyar SIL mai nazarin harsuna ta fitar da Charis da Gentium da Andika; shi Andika an tsara shi ne domin masu koyon karatu, shi ya sa nake ganin ya fi dacewa da takardun ɗalibai. Kamfanin Google kuma yana da Noto. Idan wata rana aka kawo miki aikin ajami, akwai Alkalami, wanda aka gina a kan salon rubutun hannu na Kano. Ki sauke su daga shafukan masu su kawai, kada ki karɓi salon da ya zo a fayil mai ƙarewa da .exe daga wurin da ba ki sani ba.

Kafin ki kai takarda shagon buga takardu, ki shiga File, sai Options, sai Save, ki sa alama a kan Embed fonts in the file domin salon ya bi takardar, ko kuma ki mayar da ita PDF, wanda ya fi tabbas. Ita kuwa takardar malamin, ki gyara ta da Find and Replace, ki sa alama a kan Match case, ki musanya q da ƙ, x da ɗ, v da ɓ, sannan manyan haruffan daban, amma ki bi su ɗaya bayan ɗaya idan akwai kalmomin Turanci a ciki.