Tambaya da Amsa: Me Ɗan Majalisarmu Yake Yi a Can Birnin Jiha?

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan makon a kan 'yan majalisar dokokin jiha suke. Da yake a majalisa na ci abincina har na yi ritaya ina sakataren kwamiti, sai edita ya turo mini su. Na taƙaita waɗanda suka yi tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye. Tun daminar bara iska ta yaye rufin azuzuwa biyu a makarantarmu, yara na zama a gindin bishiya. Na je gidan ɗan majalisarmu, na wuni a layi, da na samu ganinsa ya saurare ni, ya ce in yi haƙuri, ya sa yaronsa ya ba ni kuɗin mota. Ni ba kuɗin mota ya kai ni ba. Don Allah mene ne ainihin aikinsa, kuma in koma ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ki koma, amma ba ta ƙofar da kika bi ba.

Bari in fara nuna miki ranar da kika faɗa cikinta. Kafin Onarabul ya dawo daga sallar asuba ƙofar gidansa ta cika. Ga mai takardar asibiti, ga wanda matarsa ta haihu suna gobe, ga uban da ke neman kuɗin rajistar NECO, ga yaran siyasa da suka zo gaisuwa, gaisuwar da ba ta ƙarewa sai hannu ya shiga aljihu. Wanda ya saurari mutum hamsin kafin karin kumallo, kowa na kuka da buƙatar gidansa, kunnensa ya riga ya saba da amsa guda: a ba shi wani abu ya tafi. Ke kin zo da maganar jama'a, amma kin shiga layin masu maganar kansu, sai aka sallame ki irin sallamarsu. Ban wanke shi ba. Ya kamata ya bambance. Amma haka abin yake tafiya.

Aikin da aka zaɓe shi dominsa yana can zauren majalisa da ɗakunan kwamiti. A ranar zama, ana shigo da sandar majalisa, kakaki ya zauna, a yi addu'a, a amince da bayanin zaman baya, sannan a bi jadawalin ranar: koke-koken jama'a, ƙudirorin gaggawa, sai dokokin da ke jiran karatu na ɗaya, na biyu ko na uku. Zama ba ya halatta sai kashi ɗaya cikin uku na mambobi sun hallara. Tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar jiha ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Yawancinsu kwana uku suke zama a mako. Ke malama ce, ninka uku sau makonni 52, ki cire hutun azumi, na aikin hajji da na ƙarshen shekara, ki ga abin da zai rage. Na bar miki wannan a matsayin aikin gida.

To, ina rufin makarantarki a cikin duk wannan? Hanya uku ce, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Wadda 'yan majalisa suka fi so ita ce ƙudirin kira. Onarabul ya miƙe ya ce yana kira ga gwamnatin jiha ta gyara makarantar gari kaza, wani ya mara masa baya, a amince, da yamma a karanta a rediyo, magoya baya su watsa hoton a Facebook. Ki sani wannan roƙo ne kawai. Ba ya tilasta wa gwamna ko kwamishina komai. Na rubuta wasiƙun isar da irin waɗannan ƙudirori da hannuna, na kuma san inda yawancinsu suke kwana.

Wadda take da haƙori ita ce kasafin kuɗi. Wajen ƙarshen shekara gwamna ke kawo kasafin shekara mai zuwa. Daga nan a rarraba shi ga kwamitoci, kowace ma'aikata da hukuma ta zo ta kare nata kaso. Makarantun firamare suna ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, kuma shugabanta dole ya zauna gaban kwamitin ilimi da jerin makarantun da za a gina ko a gyara. A wannan ɗakin, da ba kowa ke shiga ba kuma ba a cika kawo kyamara ba, ake sa sunan ƙauye ko a cire shi. Ɗan majalisar da ya san aikinsa, ko ba ya cikin kwamitin, zai bi shugaban kwamitin har ofis, ya bi shugaban hukumar, har sai ya ga sunan makarantar a rubuce da adadin kuɗi a gabansa. Akwai kuma tallafin da hukumar UBEC ta tarayya ke bayarwa tun dokar 2004, wanda jiha ba ta iya ɗauka sai ta ajiye nata kason daidai da shi. Jihohi da dama sun sha barin wannan kuɗi yana kwance saboda sun ƙi sa nasu. Tambayar gwamnati dalilin haka aikin ɗan majalisa ne tsantsa, kuma da wuya ki ji an yi ta.

Ta ukun ita ce bibiya, domin shiga kasafi daban, sakin kuɗi daban. Sashe na 128 da na 129 na tsarin mulki sun ba majalisa ikon bincike da kiran kowane jami'i ya zo da takardu ya yi bayani. Kwamiti na iya shiga mota ya je ya ga aiki da idonsa. Na taɓa bin wani kwamiti irin wannan zagaye, muka isa wata makaranta da takarda ta ce an kammala gyaranta an biya ɗan kwangila. Fenti kawai aka shafa wa bangon da ke kallon titi. Wani dattijon ɗan majalisa, wanda ban taɓa jin muryarsa a zaure ba, ya ƙi shiga mota sai da aka rubuta sunan kamfanin da na jami'in da ya sa hannu cewa aiki ya kammala. Aka kira su gaban kwamiti. Kafin wata daminar an dawo an yi rufin.

Saboda haka ga shawarata. Ki bar zuwa ke kaɗai, ki bar zuwa da baki. A rubuta takardar koke, hedimasta ya sa hannu, shugaban kwamitin iyayen yara ya sa, dagaci ya sa, liman ma idan zai yarda. A faɗi yawan ɗalibai, yawan azuzuwan da suka lalace da watan da abin ya faru, a haɗa da hotuna. Kwafi ɗaya ga Onarabul, ɗaya ga ofishin akawun majalisa a buga muku hatimin karɓa a kan naku, ɗaya ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, don kada a ce kin tsallake na gaba da ke, abin da kan jawo wa malami canjin wurin aiki ba shiri. Ku kai kafin watan Oktoba ya fita, lokacin da ake haɗa kasafi. Wanda ya kai a Fabrairu ya makara da shekara guda. In kun zauna da shi kuma, kada ku ce ya taimaka. Ku ce masa: «Ranka ya daɗe, muna son ganin sunan makarantarmu a kasafin SUBEB na baɗi, yaushe za mu dawo mu ji?» Tambaya mai rana ta fi wuyar kaucewa.

TAMBAYA: Malam, namu ɗan majalisar tun da ya shiga ba a taɓa jin ya yi magana ba. Ana cewa Turanci ne ba ya ji. Shin doka ta yarda da haka? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ɗana, abin da doka ta nema shi ne takardar shaidar sakandare ko makamanciyarta, da jam'iyyar da za ta tsayar da shi, da shekara 25 tun gyaran 2018, a da 30 ne. Sashe na 97 ya ce a yi aikin majalisa da Turanci, amma ya ba ta damar ƙara wani harshen da ake yi a jihar idan ta amince da haka. Rashin Turanci ba hujjar shiru ba ce ke nan. Sai dai kada ka auna shi da surutu kaɗai. Ka tambaya wane kwamiti yake, yana zuwa kuwa, me ya shigar a kasafi. In nan ma babu komai, to shirun nasa na gaske ne.

TAMBAYA: Baba, gaskiya ne ana ba su kuɗin aikin mazaɓa a hannu suna cinyewa? Kuma mu matasan unguwarmu muna son yi wa namu kiranye, ta ina za mu fara? Daga wani direban adaidaita sahu.

AMSA: A ƙa'ida ba a hannu ake ba su ba. Ɗan majalisa yakan zaɓi aikin da wurin, rijiyar burtsatse ce, tiransifoma ce ko kwalbati, sai a sa kuɗin a kasafin wata ma'aikata ita ta ba da kwangilar. A matakin tarayya an shafe shekaru a baya ana ware naira biliyan 100 duk shekara don wannan, a raba tsakanin sanatoci 109 da wakilai 360. Na jihohi ya bambanta, kowace da tsarinta, kuma yawanci sai yadda gwamna ya so. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen kwangilar: kamfanin ƙani ko na yaron gida ya samu, a yi rabin aiki, ko a sayo kekunan ɗinki da injinan ban ruwa a tara su sai dab da zaɓe. Tun 2019 hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ke bin diddigin ayyukan mazaɓu na tarayya, kuma ta ƙwato kayayyaki da dama da aka karkatar. Kana iya kai musu ƙorafi, amma ka tafi da sunan aikin da shekarar kasafinsa, ba da jita-jitar majalisar mai shayi ba.

Kiranye kuwa yana cikin sashe na 110. Sai fiye da rabin duk masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu a takarda, a kai wa INEC, ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Ka lura, rabin masu rajista aka ce, ba rabin waɗanda suka fito zaɓe ba, alhali a ranar zaɓen ma sau da yawa rabin ba sa fitowa. An gwada wa Sanata Dino Melaye a Kogi, da aka zo tantancewa a 2018 sa hannun da aka tabbatar bai kai ko kashi 10 cikin 100 na masu rajista ba, maganar ta mutu a nan. Tun 1999 babu ɗan majalisar da kiranye ya raba da kujerarsa. Ƙarfin da za ku kashe a wannan, ku kai shi zaɓen shugabannin jam'iyya na mazaɓarku da zaɓen fid da gwani, inda mutane kaɗan ke yanke wanda za ku tarar a takardar ƙuri'a.

TAMBAYA: Malam, mu daina yaudarar kanmu. Majalisun jihohi 'yan amshin shatan gwamna ne. Me zai hana a rushe su a huta da kashe kuɗi? Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano.

AMSA: Alhaji, rabin maganarka ba ni da ja. Gwamna ne ke riƙe da jam'iyya a jiha, shi ke da ta cewa a kan wanda zai samu tikitin komawa, sau da yawa har da wanda zai zama kakaki. An yi gyaran tsarin mulki don majalisun su riƙa samun kuɗinsu kai tsaye, amma wanda yake jiran tikiti daga hannun mutum, ko kuɗinsa na aljihunsa, ba zai ɗaga masa murya ba.

Sai dai kai ɗan Kano ne, ka fi ni sanin abin da 'yan majalisar jiharku su 40 ɗin nan za su iya. A watan Mayun 2019 cikin 'yan kwanaki suka yi dokar da ta kafa masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye. A watan Mayun 2024 wata majalisar ta yi dokar da ta rushe su, gwamna ya sa hannu a ranar. Duk inda ka tsaya a rikicin masarauta, ka ga cewa babu gwamnan da ya iya yin ko ɗaya daga cikin biyun ba tare da ƙuri'arsu ba. Gwamna ba ya naɗa kwamishina sai sun tantance, ba ya taɓa asusun jiha sai da dokar kasafi. In ya ƙi sa hannu a doka cikin kwana 30, kashi biyu cikin uku nasu na iya zartar da ita ba shi. Tsarin mulkin ƙasa ma ba ya gyaruwa sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. A tsohuwar Jihar Kaduna, majalisar da jam'iyyar NPN ke da rinjaye ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, ya yi mulki ba shi da su, daga ƙarshe ta tsige shi a watan Yunin 1981. Ni a ganina zalunci aka yi masa, amma ba wanda zai kira waccan majalisar 'yar amshin shata.

Idan aka rushe su, ikon nan ba ɓacewa zai yi ba, gidan gwamnati zai koma gaba ɗayansa, kamar zamanin soja da ake mulki da dokar da gwamna ya rubuta shi kaɗai. Kai da ke kasuwa, dokar haraji da ta kuɗin shiga da ake karɓa a shagonka ta hannunsu take bi, kuma kafin a zartar da irinta akan kira zaman jin ra'ayin jama'a. A yawancin waɗanda na zauna ina rubuta bayani, kujerun da aka ware wa 'yan kasuwa babu kowa a kai. Ka tambayi shugabannin ƙungiyarku ko takardar gayyata tana zuwa musu, in kuma tana zuwa, wa suke turawa.