Manhajar waya ba ta farfasa tsakuwar ƙoda

Tambaya: Malam, hoton asibiti ya nuna mahaifina na da tsakuwa a ƙoda. Na ga wata manhaja da ake cewa idan aka ɗora waya a kwiɓi, ƙararta tana narkar da tsakuwar. Ba irin na'urar likitoci ba ce? Daga Aboabo, Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, ka goge manhajar nan yau, ka kai Baba wurin likitan mafitsara a asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi. Irin wannan yaudara tana ƙona mini rai, domin lasifikar waya ba ta da ƙarfin da zai taɓa ƙoda, kuma tsakuwar da ta toshe hanyar fitsari tana iya lalata ƙodar yayin da ake zaune ana jiran waya ta yi magani. Idan zazzaɓi ya haɗu da ciwon, kada ku kwana a gida.

Na'urar da ka ji labarinta, wadda aka fara amfani da ita a Munich ta Jamus a 1980, ana saita ta ne da hoton ciki, sannan ta tara girgiza mai ƙarfi a kan tsakuwar, ta yi ta dukanta har ta farfashe ta fita da fitsari. Ba a yanka, amma ta fi dacewa da tsakuwar da ba ta kai santimita 2 ba, mai tauri sosai kan gagare ta, kuma ba a yi wa mai juna biyu. Hanya ta biyu ita ce a zura siririn bututu mai kyamara ta mafitsara har zuwa ƙoda, a farfasa tsakuwar da hasken lesa. Wannan ta fi kawar da tsakuwa a zama ɗaya, sai dai ana sa mutum barci, kuma sau da yawa akan bar masa 'yar roba a ciki na ɗan lokaci. Idan tsakuwar ta wuce santimita 2, akan huda ƙaramar kafa a baya a shiga ƙodar kai tsaye. Girman tsakuwar, taurinta da inda ta maƙale su ne ke nuna wa likita hanyar da zai bi.

Tambaya: Faifan hoton ƙodata ya ƙi buɗuwa a kwamfuta. Daga Nima, Accra.

Amsa: Hajiya, hotunan a tsarin DICOM suke, wato tsarin da asibitoci ke adana hotunan cikin jiki da shi. Ki buɗe manhajar da ke cikin faifan, yawanci tare suke zuwa. Idan za ki tura wa likita ta WhatsApp, ki tura a matsayin fayil, domin turawa a matsayin hoto tana rage masa kyau.