Fere taitaniyom a ɗan shagon gida: ina haɗarin yake?

Tambaya: Ina da ƙaramin injin fere ƙarfe a bayan gidana a Agege. Na samo sandar taitaniyom mai kaurin milimita 20 a Owode Onirin. An ce min yana kama wuta. Zan iya aikinsa a gida?

Amsa: Za ka iya, Malam, amma ka san inda wutar take. Sandar kanta ba za ta kama ba. Siraran ɓarɓashi da ƙurar garanda su ne masu ci, da farin harshe mai kashe ido.

Asalin matsalar zafi ne. Taitaniyom ba ya watsa zafi kamar ƙarfe ko alminiyom, sai ya taru a bakin wuƙa. Don haka rage gudu. Da wuƙar kabayid (mai bakin da ya fi ƙarfe tauri da jure zafi), mita 40 a minti ya wadatar, wato juyi kusan 600 a minti a kan sandarka. Da wuƙar HSS (wuƙar fere ta ƙarfe mai tauri da aka saba da ita) kada ka wuce juyi 200 a minti. Amma turin wuƙa kada ka rage shi: milimita 0.1 zuwa 0.15 a kowane juyi. Masu koyo sukan ji tsoro su riƙa lallaɓawa, wuƙa ta koma goga maimakon yanka, fuskar ƙarfen ta taurare, ɓarɓashi ya fito siriri kamar gashi, wanda shi ne mafi saurin kamawa. Wuƙa ta zama mai kaifi, a tokare ƙarshen sandar domin tana lanƙwasa kusan ninki biyu na ƙarfe. In wutar lantarki ta ɗauke kana tsakiyar yanka, janye wuƙar kafin ka tayar da injin.

Ruwan sanyaya yanka ya riƙa kwarara a kai ba yankewa, kuma a guji mai sinadarin kulorin.

Ga inda nake so ka natsu. Ruwa yana hana wutar tashi, amma in ta riga ta kama, zuba ruwa ƙara mata ƙarfi yake, domin yana sakin iskar haidirojin. Tukunyar kashe gobara ta CO2 ma ba ta kashe ta. Abin da ke aiki shi ne tukunyar kashe gobara mai alamar D, ko busasshen yashi, ko gishiri, a rufe wutar a hankali ba a watsa ba. Da damshin Legas, musamman da damina, yashin buɗaɗɗen bokiti jiƙewa yake. Sa shi a mazubi mai murfi kusa da hannunka. In ta fi ƙarfinka, fita ka kira lambar agajin gaggawa, 112 ko 767.

Kada ka bar ɓarɓashi ya taru a tiren injin. Kwashe shi akai-akai da burushi zuwa gwangwani mai murfi, shi kaɗai, ban da tsumman mai da ƙurar ƙarfe mai tsatsa. Janareta da jarkar fetur su kasance a waje. Gugar taitaniyom a busasshiyar garanda cikin rufaffen ɗaki kuwa, ban ba ka shawara ba.